Gonar da Haulatu Ta Yafe

Ni ba marubuciya ba ce, malamar firamare ce, sunana Asma'u. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da aka yi wa maƙwabciyata Haulatu, wanda har yau in na tuna sai abinci ya fita a raina. Shekara huɗu muna gidan haya ɗaya a Daura, ƙofata na kallon tata, murhunmu ɗaya, igiyar shanyarmu ɗaya. Don haka in na ce na san abin da ke cikin tukunyarta, ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Haulatu aikin banki take yi. To, da na faɗi haka na san abin da ya zo muku a rai, kuma wannan abin da ya zo muku a rai shi ne ya kashe ta a tsaye. Ita dai kashiya ce, tana zaune bayan gilashi tana ƙirga kuɗin mutane daga safe har la'asar. Ba ma bankin ne ya ɗauke ta ba, wani kamfani ne ya ɗauke su kwantiragi ya miƙa wa banki, shekara-shekara ake sabunta musu takarda. Albashinta dubu tamanin da biyar ne, kafin a zare haraji da fansho. A ciki za ta biya haya, ta ciyar da Raihana, 'yar shekara bakwai da mijinta ya rasu ya bar mata, ta kuma sa sutura mai kyau, don manaja ba ya son ganin mayafi ya koɗe a bayan kanta. Takalmin aikinta ɗaya ne tak, baƙi. Ni na sha kai mata shi wurin mai gyara ranar Asabar.

Amma a Baure, garinsu, ba wanda ya san wannan, kuma laifi ɗaya da zan yarda Haulatu ta yi ke nan, wato kunya. Duk Sallah sai ta ɗauki adashi ta kai wa mahaifiyarsu, Iya, turmin atamfa da sabulu da ɗan sukari. In an tambaye ta aiki, ta ce alhamdulillahi. Iya kuwa ba gidan biki ko suna da za ta shiga ba ta ce "'yata ta banki" ba.

A watan Janairu mahaifinsu ya rasu. Abin da ya bari gona ce guda ɗaya, suna ce mata gonar Kuka, saboda wata tsohuwar kuka da ke gefenta na gabas. Magada huɗu ne, Iya, da Sama'ila babban wansu, da Haulatu, da autansu Zakiyyu. Aka ce a bari Iya ta fita takaba sannan a raba.

Wata Lahadi muna tsince shinkafa a tsakar gida, Haulatu ta rage murya ta ce, "Malama, an fara raɗe-raɗin za a rage mu a wurin aiki. Wai mutane sun koma waya da masu na'urar cirar kuɗi a bakin titi, ba a bukatar kashiya da yawa."

Na ce, "Subhanallahi! To ya za ki yi?"

"Ai ni hankalina yana kan gonar nan. In na samu ɗan kasona, zan ba wani ya noma mini gero da wake mu raba. Ko an sallame ni, ni da Raihana ba za mu rasa abin sa wa a baki ba."

Wannan ɗan yankin gona shi ne duk abin da ta dogara da shi bayan Allah. Ba ta da wani.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Zakiyyu. Ƙato ne ɗan shekara ashirin da takwas, yana da shagon cajin waya a kasuwar Baure, kuma tun da gari zai waye kansa na sunkuye a Fesbuk. Ana nan sai wani shafi ya buɗe muhawara, wai wane aiki ne ya fi kuɗi a ƙasar nan, kuma su wa haraji ya kamata ya fi kamawa. Mutane suka yi ta zuba. Wani mai hoton zaki a shafinsa, wanda ko sunansa na gaskiya bai sa ba, ya rubuta cewa ƙaramin ma'aikacin banki yana ɗaukar dubu ɗari bakwai a wata, ban da alawus. A ƙarƙashin wannan muhawarar dai Haulatu, baiwar Allah, ta taɓa sa baki da layi ɗaya: "Wallahi harajin da ake zare mana yana ci mana tuwo a ƙwarya."

Sai kuma hoton mota. Bara bankin yana tallar lamunin sayen mota, aka zaɓi Haulatu don tana da fara'a. Aka ba ta aron leshi, aka tsayar da ita jikin motar manaja, aka danƙa mata makulli, aka ɗauki hoto. Da aka gama aka karɓe makullin da leshin, aka ba ta lemon kwalba da biskit. Ta kawo wa Raihana biskit ɗin, a kan acaɓa ta dawo gida.

Saura sati biyu Iya ta fita takaba, Zakiyyu ya tattara waɗannan abubuwa uku ya zuba a zauren Wasaf na danginsu, ya bi da saƙon murya. Haulatu ta dawo daga aiki ko hijabi ba ta cire ba ta kunna mini.

"Jama'a, ni ban ce komai ba, hujja ce ke magana. Na farko, ga abin da masana suka ce ma'aikacin banki ke ɗauka. Na biyu, ga Yaya Haulatu da hannunta tana kukan haraji. Don Allah ku gaya mini, talaka yana kukan haraji? Ni tun da aka haife ni gwamnati ba ta taɓa cire mini ko sisi ba, don ba ni da shi. Wanda ake cire wa shi ke da shi. Na uku, ga mota."

Kai! Wai masana! Mai hoton zaki ne ya zama masani. Kuma shi wannan da gwamnati ba ta taɓa cire masa sisi ba, kullum sai ya yanki tikitin kasuwa, duk wata sai ya biya na shago, amma bai san sunan abin da yake biya ba. Na ce mata, "Tura musu takardar albashinki, kowa ya gani ya huta."

Ta tura. Ko minti biyar ba a yi ba ya amsa, "Wannan asusun idon jama'a ne. Ai mun san yadda kuke yi." Dangi suka yi ta tura hoton fuska mai dariya. Wata gwaggonsu ta ce, "Haulatu, arziki ba abin ɓoyewa ba ne, mu ba roƙon ki za mu yi ba." Da magariba Sama'ila ya kira ya ce Asabar ta sama za a zauna, ta zo da wuri.

Ta roƙe ni in raka ta, na raka ta. Muka bar Raihana wurin matar mai gidanmu, muka shiga motar haya, kafin hantsi muna Baure.

Mun tarar da Iya a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, an jingina mata wayar Zakiyyu jikin kwano tana kallon wani fim mai dogon zango. A cikin fim ɗin wata ma'aikaciyar banki ce ke saukowa daga bene, 'yan aiki biyu na biye da ita, ɗaya riƙe da jaka ɗaya da makulli. Bayan mun gaisa Iya ta nuna wayar da haɓa ta ce, "Kullum sai na kalli 'yar'uwar aikinku. Ashe haka kuke shan daɗi, amma ke sai ki zo mana a motar haya kamar kowa."

Haulatu ta ce, "Iya, wannan ai wasa ne."

"Wasa daga gaskiya ake kwaikwayon sa."

Sama'ila ya shigo, ya zauna a kan turmi, ya gyara hula. Ba ya ɗaga murya, kuma wallahi irinsu sun fi ban tsoro. Ya ce, "Haula, kafin liman ya zo gara mu gama magana a cikin gida. Gonar nan kin san ta. In aka yanka ta gida-gida ta tashi daga gona. Ni 'ya'yana bakwai, ga Iya a wuyana. Zakiyyu aure zai yi bana. Ke kuwa Allah ya riga ya ba ki taki gonar, wadda ba ta jiran ruwan sama, duk wata sai kin girbe. Abin da muka gani shi ne ki yafe wa 'yan'uwanki kasonki."

"Yaya, wallahi tallahi ba ni da komai sai wannan kason. Aikin ma ana maganar za a sallame mu."

Zakiyyu, da ya shigo ya ɗauki wayarsa ya tsaya jikin bango yana dannawa, ya yi dariya. "Yanzu kuma kora ce ta zo? Da ba a yi maganar gona ba ai ba mu ji kora ba."

Haulatu ta matsa ta durƙusa gaban Iya, ta faɗi abin da ta shekara huɗu tana ɓoyewa. Ta faɗi albashin, ta faɗi hayar, ta faɗi yadda wani watan ranar ashirin garin kwaki suke jiƙawa ita da yarinya. Tana magana hawaye na ɗiga a kan tabarma. Iya ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "Atamfar da kike kawo mini, sata kike yi?"

"Adashi nake shiga, Iya."

"To ashe akwai abin zubi."

Nan na kasa haƙuri. Na ce, "Iya, ki gafarce ni, ni ce shaida. Gida ɗaya muke. Motar nan ba tata ba ce, ko keke ba ta da shi."

Sama'ila ya juyo ya dube ni a hankali. "Malama, kin zo an ba ki ruwa kin sha, mun gode da zumunci. Amma maganar gado ta 'yan gida ce."

Na ja jikina na koma gefe.

Iya ta jawo Haulatu kusa, ta yi ƙasa da murya, amma ina ji. "Duk garin nan an san 'yata a banki take. Yanzu so kike a ce 'yar Iya ta banki ta zo tana ja-in-ja da 'yan'uwanta a kan ɗan yankin gona? So kike matan unguwa su samu abin yi da ni a gidan biki, su ce dama ƙarya nake yi? Ko ba ki da shi, ki rufa mini asiri. In kika kunyata ni a gaban liman, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Wannan kalmar ita ta gama aikin. Na ga kafaɗun Haulatu sun sauka.

Bayan azahar liman da mai unguwa da dattawa biyu suka zauna a zaure, mu mata muna daga bayan ƙofa. Liman dattijon kirki ne, ban ga laifinsa ba. Ya fitar wa Iya tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, ya raba sauran kashi biyar, biyu-biyu ga maza, ɗaya ga mace. Ya ce na Haulatu ya kama daga gindin kuka zuwa iyakar gabas. Sai Sama'ila ya yi gyaran murya ya ce ƙanwarsu tana da magana.

Liman ya ce, "Haulatu, ina jin ki."

Iya ta ɗora hannu a kan gwiwar Haulatu.

"Na yafe wa 'yan'uwana kasona."

Liman ya ce, "'Yata, wannan haƙƙinki ne da Allah ya ba ki, ba wanda ya isa ya karɓe shi sai da yardarki. Ba wanda ya tilasta ki?"

"Babu, Malam."

"Kina da abin da za ki riƙe kanki da marainiyarki?"

Kafin ta buɗe baki Zakiyyu ya ce, "Allah gafarta Malam, ai a banki take aiki." Dattawa suka ce, "Ato! Masha Allah!"

Sau uku liman ya tambaye ta, sau uku ta ce ta yafe. Ni ina zaune ina cizon leɓe, ina cewa a raina, ki ce a'a mana, kalma ɗaya ce! Ba ta ce ba. Aka miƙo takarda ta sa hannu, da biron banki ma da ke cikin jakarta. Aka shafa fatiha. Duk wannan abin Zakiyyu ya leƙo da wayarsa yana ɗauka.

Ba mu kai Daura ba ya sa bidiyon a Fesbuk. Ya rubuta a sama, "Ku taya mu yi wa yayarmu Hajiya Haulatu, babbar ma'aikaciyar banki, addu'a. Ta yafe gadonta saboda zumunci. Masu kuɗi ku yi koyi." Hajiya! Ita da ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba. Ya haɗa da hoton motar nan.

Cikin kwana uku mutum sama da dubu goma sun kalla. Wasu na sa albarka. Wasu na cewa me ta yi, ai abin da ta yafe bai kai kuɗin man motarta na wata ba. Wani ya ce irinsu ya kamata a ninka wa haraji. Wani ya ce a bincika ma ina ta samu motar. Wayarta kuwa ba ta huta ba, dangi na nesa da waɗanda ba ta taɓa gani ba, wannan matarsa ta haihu, wancan yana neman jari. Ni ma haushi ya ɗebe ni na shiga na rubuta gaskiyar magana, albashi da komai. Aka yi mini caa, wai mahassadiya, wai malamar firamare ce ciwon talauci ke damun ta. Zakiyyu ya goge abin da na rubuta ya toshe ni.

Ranar wata Juma'a a watan Yuli saƙo ya shigo wayarta tana kan hanyar dawowa. Ba za a sabunta kwantiraginta ba, ta miƙa katin shaida ranar Litinin. Su shida aka yi wa haka. Ta shigo gida ta zauna a bakin ƙofarta da takalmin a ƙafarta, ta miƙo mini wayar.

Washegari ta kira Sama'ila, ta sa a sifika don in ji. Ya yi salati, ya yi mata jaje sosai. Da ta kawo maganar gona sai ya ce, "Haula, kyauta a gaban liman da shaidu ai ba a dawo da ita. Kuma an riga an yi shuka, gero har ya kai gwiwa. Ki yi haƙuri, Allah zai buɗa wata ƙofar."

Zakiyyu ya karɓi wayar. "Yaya, ai in an sallame ku miliyoyi ake ba ku na sallama. Na gani a intanet."

"Mu 'yan kwantiragi ba a ba mu komai, Zakiyyu."

"To, ke dai kin fi kowa sani."

Na ce mata ta je kotu, alƙali zai duba cewa matsa mata aka yi. Ta dube ni ta ce, "In kai wa ƙara, Malama? Iya?" Ban sake tayar da zancen ba.

Daga nan kwanakinta suka yi ta lalacewa ina kallo. Ta zaga Daura neman aiki da takalmin nan har dunduniyarsa ta cire. Wani mai babban kantin kayan masarufi, Ignatius, yana neman mai riƙe masa kanta. Da ya gan ta ya miƙe tsaye da fara'a, ya ce yaransa sun nuna masa bidiyonta. "Hajiya, ke da kika kyautar da gona, nawa zan iya biyan ki? Kar in ci miki mutunci." Ta rantse masa ko nawa ne za ta karɓa, ya yi dariya ya ɗauka raha take yi. A unguwa aka zo rubuta sunayen zawarawa masu marayu da za a ba tallafin hatsi, mai rubutun ya tsallake ƙofarta, ya ce a bar wa mabukata. Ta sayar da fanka, ta sayar da katifa, ta sayar da wayar ta sayi 'yar ƙarama mai maɓalli. Abin da na dafa shi muke ci mu uku, kuma ni ma kun san abin da malamar firamare ke dafawa. Da aka koma makaranta a Satumba Raihana ba ta koma ba. A ƙarshen watan hayarta ta ƙare.

Iya ta ce ta dawo gida, amma da sharaɗi. "Kar ki gaya wa kowa an kore ki. Ki ce dogon hutu aka ba ki." Haka ta tattara 'yan komatsanta a buhu biyu ta kama hannun Raihana. Ni na raka su tasha, na dawo na tarar da ɗakin a buɗe, na zauna na yi kuka mai isata.

Da kaka ta yi, wata Asabar na shirya na tafi Baure in gan ta. Na samu Raihana a zaure, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta rungume ni ta ce, "Anti Malama, Umma ta tafi gona. Yau za ta kawo wake tiya guda, namu na kanmu. Ta ce za ta sayar da rabi ta saya mini takalmin makaranta, rabi ta yi mana alala."

Iya ta ce mini, tana murmushi, "Ƙawarki tana gonar Kuka, wai sha'awar roro take yi. Kin san masu aikin ofis, in sun samu hutu sai su ce suna son motsa jiki." A bakin matar Sama'ila na ji sauran. Awon da Sama'ila yake kawo wa Iya na mutum ɗaya ne, bai ƙara ko gwangwani ba tun da suka dawo, wai ai Haula tana da ajiya. Shi ne da ta ji ya ɗauki mata 'yan ƙwadago su yi masa roron wake, kowace a ba ta tiya guda a wuni, ta ce masa ita ma za ta shiga. Ya ce to.

Na bi hanya har gonar. Mata takwas ne a sunkuye cikin rana, ban gane ta ba sai da ta ɗago. Ta yi baƙi, yatsun nan da ke ƙirga kuɗi duk sun farfashe. Ta yi mini murmushi ta ce in zauna a inuwa, sun kusa tashi.

Bayan la'asar Sama'ila ya shimfiɗa buhu a gindin kuka ya fara sallamar mata. Kowace ta zo ta buɗe buhu ko kwanon da ta zo da shi, ya auna mata tiya ya zuba. Haulatu ce ta ƙarshe a layi. Ta zo gabansa ta buɗe ɗan buhunta.

Ya ɗago ya dube ta, ya saki dariya. "Haba Haula, har da ke? Ai ke 'yar gida ce. Wa ya taɓa biyan ɗan gida a gonar ubansa?"

Matan suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Kai, Hajiyar banki akwai zolaya! Me za ki yi da tiyar wake?"

Ina kallon fuskarta. Ta dubi matan nan da gobe za su haɗu da Iya a gidan suna. Sai ita ma ta yi dariya, ta naɗe buhun. Sama'ila ya ɗaure bakin nasa buhunan ya ɗora a amalanke.

Wannan dariyar tata ita ce abin da ya fi komai ƙona mini rai a duk labarin nan. Ranar rabo an ce ita ta banki ce, ba ta bukatar gona. Ranar biya an ce ita 'yar gida ce, ba ta bukatar lada. Kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba wanda zai ce ya zalunce ta. Sama'ila zai ce da bakinta ta yafe, sau uku. Zakiyyu zai ce shi hujja ya kawo. Iya za ta ce mutuncin gida ta kare. Mai hoton zaki kuwa, da masu shirya fim ɗin bene, da dubban da suka danna suka wuce, ba su ma san an yi wata Haulatu ba. Ranar nan da na duba a wayar wata malama, bidiyon ya haura mutum dubu arba'in, kuma na ƙarshen da ya yi rubutu a ƙasa cewa ya yi, "Hajiya, don Allah a taimaka mini da jari."

Muka kama hanyar gida, har muka fito kan burtali. Sannan Haulatu ta ce, "Malama, kin ga inda na yi roro yau? Daga gindin kuka zuwa iyakar gabas. Waken wurin ya fi na ko'ina kyau."



Tun daga nesa Raihana ta hango mu, ta sheƙo da gudu ba takalmi. "Umma, ina waken?"

Haulatu ta miƙa mata buhun a naɗe, ta wuce cikin gida ba ta waiwaya ba. Yarinyar ta warware shi, ta leƙa ciki, ta zura hannu har ƙasa. Sannan ta ɗago ta dube ni, tana jiran in gaya mata inda aka ajiye shi.